Rassan da Ke Barci a Firij

"Aswaki ne, Kawu," in ji Zailani.

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Alhaji Sha'aban yana tsugune gaban firij, ƙofar a buɗe, sanyi na dukan gemunsa. Ruwan sha ya zo nema, sai hannunsa ya faɗa kan wani ɗauri a can ƙasa, cikin aljihun kayan miya, an naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul an zura a leda. Ya warware gefe ɗaya, ga 'yan sanduna nan jajaye-jajaye, kaurin ɗan yatsa, kowace da ƙulle-ƙulle a jikinta kamar gaɓoɓin kara.

"Aswaki a firij? Kai ɗan nan, zaman China ya fara taɓa maka kai."

"Na Radiyya ne. Daga garinsu ta zo da shi."

"To ai shi ke nan, na gida ne."

Ya zaro ɗaya, ya yi bisimilla, ya sa a baki. Zailani yana tsaye da butar shayi a hannu, ya ji ƙarar ɓawon itacen yana fashewa tsakanin haƙoran kawunsa, ya ji ta har cikin nasa haƙoran. Alhaji Sha'aban ƙanin mahaifiyarsa ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ya turo shi karatu Guangzhou, shi ya ɗora shi kan harkar lodin kayansa bayan ya gama. Jiya jiya ya sauka daga Kano, ƙafafunsa ma ba su gama sacewa daga kumburin jirgi ba. Mutum irin wannan ba a cire masa abu daga baki. Zailani ya ce a ransa, ɗaya ce kawai, akwai saura da yawa.

Kawu ya tauna, ya yatsine fuska, ya ce ba ya da yaji kamar namu amma yana da ɗan bauri mai daɗi, da alama zai yi maganin dasashi. Ya mayar da ɗaurin ya rufe firij, ya koma falo yana tambayar yaushe amarya za ta dawo. Har yanzu amarya yake ce mata, bayan shekaru da auren. Zailani ya ce sai Juma'a da yamma. Tana can masana'antar tayil a wani gari kusa, tana yi wa kayan Kawun tafinta, tana duba kada a cusa musu fasassu.

Rassan inabi ne. Kuma ba inabin da ake jerawa a tire a bakin titi ba.

Radiyya Musulma ce 'yar arewacin China, tun kaka da kakanni. Gidansu yana Ningxia, a gindin wasu dogayen duwatsu da ko ciyawa babu a jikinsu, inda ƙasa duk tsakuwa ce, iska kuwa in ta taso a ƙarshen kaka sai ta ratsa riga ta nemi ƙashi. Can kakanta da mahaifinta, Baba Ma, suka dasa layin farko na gonar, daga baya layuka suka yi ta ƙaruwa har suka kai bakin hanya. Ba su da ma'aikata. Uba da uwa da 'ya'ya da goggonni, su ne masu sassabe, su ne masu aske rassa, su ne masu tsinka. 'Ya'yan inabin ƙanana ne, baƙaƙe, masu kaurin fata, ba mai saya don ya ci. Kowace kaka manyan motoci ke zuwa su kwashe su a kwanduna zuwa wani kamfani da ke matse su ya yi giya.

Zailani bai san haka ba sai da ya je neman aure. Ya isa a lokacin binne itatuwan inabin, kuma Baba Ma bai zaunar da shi a ɗaki ba, shebur ya miƙa masa. A ƙasar nan sanyin hunturu yana kashe duk itacen inabin da ya kwana a tsaye, don haka kafin ƙasa ta daskare sai a kwance kowane ɗaya daga jikin waya, a lanƙwasa shi har ya kwanta, a rufe shi da ƙasa ruf, a bar shi sai bazara a tono shi. Tsohon ya riƙe hannun Zailani ya nuna masa yadda ake lanƙwasawa, a hankali, kamar mai kwantar da dattijo mara lafiya, don in ka yi gaggawa gindin zai tsage. Suka yini suna binnewa. Yatsun Zailani suka mutu, leɓɓansa suka fashe, Radiyya tana layin gaba da ɗankwali ja, tana waiwayowa tana yi masa dariya, tururi na fita daga bakinta. A ranar ya ji cewa in ba ita ba, to ba kowa. A ranar kuma, da la'asar, ya tambayi inda ake kai amfanin gonar.

Baba Ma bai ɓoye ba. Ya ce bai taɓa sa ɗigo a bakinsa ba, bai taɓa taka ƙofar kamfanin ba. Ya gwada alkama, ya gwada masara, tsakuwar ta ƙi. Wannan kaɗai ta yarda da shi. Ya ce ya san tambayar da ke jiransa a gaba, kuma ba ranar da ba ya neman gafara. Sannan ya tashi ya yi alwala da ruwan da ya fara ƙanƙara, ya ja su salla a bakin gona. Zailani ya bi shi, zuciyarsa a rabe. Da ya dawo Guangzhou ya kira gida, ya ce surukansa manoma ne, masu noman 'ya'yan itatuwa, mutanen kirki masu salla. Duk gaskiya ne. Ragowar ya haɗiye, ta zauna masa a ƙirji tun daga lokacin.

Kakar da ta wuce Baba Ma ya faɗi a tsakiyar layi, bayan an gama tsinka, kafin a fara binnewa. Aka binne shi, ba a binne gonar ba. Yayan Radiyya, wanda ya daɗe yana cewa gonar nan abin kunya ce ga gidan masu salla, ya kira katafila. Ya rantse ko reshe ɗaya ba zai bari ba, duk wuta zai sa. Radiyya ta ɗauki almakashin mahaifinta da sassafe, kafin katafilar ta iso, ta je layin farko, wanda kakanta ya dasa, ta yanko ɗauri guda ta tura cikin jakarta a ƙarƙashin kayan sawa. Da shi ta hau jirgin ƙasa. Mahaifiyarta ta ce akwai ɗan fili a bayan ɗaki wanda ba ruwan kowa da shi. In bazara ta zo, ta kawo su.

Tun daga nan rassan suke barci a firij a gidansu na unguwar Dengfeng, a Guangzhou. Sanyi ne ke riƙe da ransu: in suka ji ɗumi za su farka, in suka farka ba ƙasa za su mutu. Duk bayan 'yan kwanaki takan ciro ɗaurin, ta yayyafa wa tawul ruwa, ta shinshina, ta mayar. Zailani ya taɓa tambayarta ko giyar za a koma yi. Ta dube shi ta ce 'yan itatuwa a bayan ɗaki ba sa cika ko kwando. So take mahaifiyarta ta samu abin da za ta binne da kaka ta tono da bazara, don tsohuwar ba ta san wata hanyar ƙirga shekara ba.

Da Kawu ya shiga wanka, Zailani ya tura ɗaurin can ƙuryar aljihun, ya jibga kabeji da albasa a kai. Ya yi niyyar ya faɗa masa gaskiya da rana. Da rana ta yi ya ce sai an ci abinci. Ana cikin ci aka kira daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu cewa an tsayar da kwantenar Kawu, wai lissafin katan bai yi daidai da takarda ba, sai wani ya zo an sauke an sake lodi a gabansa. Ya sa takalmi ya fita, yana jin wani sauƙi da ya san bai dace ya ji ba.

Aikin ya ci kwanaki, can yake kwana. Lokacin ne bangon Guangzhou ke zufa: iskar kudu ta shigo da ɗumi da laima, madubi ya yi hazo, katan ya yi laushi a hannu, tufafi su ƙi bushewa. Yana tsaye cikin sito tsakanin tarin tayil, masu lodi na ta ce masa lawban, lawban, wato maigida, duba nan, shi kuwa hankalinsa na can ƙarƙashin kabeji. Sau da yawa ya ciro waya zai kira Kawu ya ce kada a taɓa abin nan na firij. Amma in ya ce haka za a tambaye shi dalili, kuma dalilin ba na waya ba ne. Ya mayar da ita aljihu.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya dawo. Ya sauka a titin Huanshi Lu, ya kutsa cikin lungun Dengfeng, tsakanin masu canji da warin soyayyen kifi. A ƙofar shagon waya Mahamadou, ɗan Maraɗi, yana zaune kan kujerar roba ya miƙe ƙafa, farar shaddarsa ta Juma'a tana ƙyalli. A gefen bakinsa akwai guntun itace ja.

Zailani ya tsaya cak.

Mahamadou ya ɗaga masa hannu yana murmushi, ya ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri, yau kowa a ƙofar masallaci ya samu tsarabar surukai. Ya ce Alhaji ya ba da labari: ya tarar yaran zamani sun sa aswaki a firij har zai ruɓe da laima, ya kwashe, ya yayyanka daidai baki da wuƙar kicin, ya shanya a tagar ɗakinsa, yau ya cika aljihu ya raba. Ya ce shi dai bai taɓa jin aswaki mai ɗanɗanon ganyen shayi ba, amma abin kyauta ba a raina shi.

"Ba ni shi," in ji Zailani.

"Wanda na tauna? Ɗan'uwa, in talauci ne ka faɗa, mu yi maka karo-karo."

"Don Allah, Mahamadou. Ba aswaki ba ne. Itacen gonar surukina ne, wanda ya rasu. Shi ke nan abin da ya rage."

Murmushin ya bar fuskar Mahamadou. Ya zare guntun daga baki ya duba shi, kan ya riga ya zama burushi. Ya goge a hannun riga ya miƙa masa da hannu biyu. Ya tambaya wane irin itace ne, Zailani ya ce inabi. Mahamadou ya yi shekaru a ƙasar, ya san abin da ake yi da inabin arewa. Ya dube shi, sai ya fara lissafa masa waɗanda ya gani sun karɓa.

Haka Zailani ya bi Dengfeng shago shago yana karɓar kyautar da kawunsa ya bayar da hannunsa. Bai san abin kunyar da ya kai wannan ba. Wasu suka yi dariya suka zaro daga aljihu. Wani dattijo ya ɓata rai ya ce tun da yake bai taɓa ganin yaro ya bi bayan babba yana kwashe alherinsa ba. Malam Illa, mai gidan abinci, ya ce nasa ya jefar, ya nuna masa kwandon shara, Zailani ya naɗe hannun riga ya tona cikin ƙasusuwan kaza da ragowar tuwo har ya samo. Wasu ɗalibai ne, sun riga sun hau mota sun koma makarantunsu, wasu ba wanda ya san sunansu. Ya tsinci biyu a bakin kwata. Kafin ya kai ƙarshen layin, maganar ta riga shi: mutane na kallonsa suna yin ƙasa da murya.

Da ya hau bene ya tarar da ƙofa a buɗe. Jakar Radiyya na tsakar falo, ko mayafi ba ta cire ba. Tana tsaye gaban firij. A kan teburin kicin ga tawul ɗin nan, an wanke shi, an shanya, an ninke shi tsaf. Kawu mutum ne mai tsabta.

Zailani ya zazzage aljihunsa a kan teburin. Guntaye ne, wasu da kai a tattaune, wasu da funfuna fari-fari saboda laimar taga, ɗaya da miya a jiki. Ya shiga ɗakin baƙi ya kwaso 'yan ragowar da ke kan taga ya ƙara. Duka ba su cika tafin hannu biyu ba.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki guntayen ɗaya bayan ɗaya tana kankare ɓawon da farce. In ƙarƙashin ya fito ruwan ƙasa, sai ta ajiye hagu. Hagun ya yi ta taruwa. Tana yi tana magana a hankali da harshensu, kamar mai karanta wa kanta darasi: reshe sai da ido, wato ƙullin nan na jikinsa, yake tsiro, waɗannan an yanke su tsakanin ido da ido. Babanta yakan yanke gindi a miƙe, sama a karkace, don mai dasawa ya san wanne kai ne zai shiga ƙasa. Yanzu duk kawunan iri ɗaya ne. Zailani ya tuna hannun tsohon a kan nasa, da yadda ya ce masa a hankali. Ya jingina da bango, bangon ya jiƙa masa riga.

Uku ta ajiye a dama. Ƙarƙashin ɓawonsu kore ne, kowanne da ido. Ta ɗaga ɗaya saitin fitila: idon ya kumbura, ya fara tsagewa, wani abu mai laushi kamar auduga na leƙowa. Ɗumin taga ya tashe shi. Ba a mayar da wanda ya farka barci.

A nan Kawu ya shigo da sallama, da ledar lemo a hannu, fuskarsa a sake. Ya ga teburin, ya ga fuskokinsu, ya yi dariya irin ta babban da ya gane ya yi ɓarna kaɗan. Ya ce amarya ta yi haƙuri, bai san tana ji da shi haka ba. In ya koma zai aiko mata da na gaske, ɗauri guda, wanda ba ya bukatar firij.

"Ai sai da na tambaya," in ji shi. "Shi ya ce min aswaki ne."

Radiyya ta juyo ta dubi mijinta. Zailani ya taɓa ganin dusar ƙanƙara sau ɗaya, a kan duwatsun garinsu, daga nesa. Yau ya gan ta kusa, a idanun matarsa.

"Haka ka ce?"

Ya kasa ɗaga kai.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna wa Kawu kamar yadda aka koya mata. Da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta san kwana-kwana ba, ta faɗa masa komai: gonar, motocin da ke zuwa da kaka, kamfanin, abin da kamfanin ke yi. Ta ce babanta ya yi salla har ranar da ya faɗi. Ta ce Zailani ya sani tun kafin a ɗaura aure, da hannunsa ya binne itatuwan. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma nemi a tausaya mata ba.

Ledar lemon ta sauka a kan kujera. Kawu ya yi salati, ya wuce wurin famfo ya kurkure baki, ya sake kurkurewa, ya tofar. Da ya juyo idanunsa sun yi ja, kuma ba fushi kaɗai ne a ciki ba. Ya ce shi, Sha'aban, da furfurarsa, ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a yana raba wa Musulmi itacen giya suna sa masa albarka. Ya ce ya san itace ba shi da laifi, ba jahili ba ne shi. Abin da ya ƙona shi shi ne ɗan da ya raina ya dube shi ido cikin ido ya mayar da shi abin dariya, kuma ba yau ya fara ba, tun ranar da ya kira gida ya ce manoman 'ya'yan itatuwa. Me zai ce wa yayarsa in ya koma? Ya nuna teburin ya ce wataƙila Allah ne ya so ya raba gidan nan da abin, shi ya sa ya biyo da shi ta hannunsa. A kwashe a zubar, a yi istigfari, a rufe maganar.

Zailani ya so ya ce Kawu ya yi gaskiya, don wani ɓangare na zuciyarsa ya daɗe yana faɗin haka. Ya so kuma ya ce tsohon nan da ya yi alwala da ruwan ƙanƙara ya fi shi tsoron Allah nesa ba kusa ba, shi da ya yi ƙarya don a ci gaba da ganinsa da mutunci. Radiyya ta jiƙa tawul ɗin, ta matse, ta kwantar da guntaye ukun a ciki ta naɗe. Na hagun ma ba ta zubar ba. Ta tattara su, har da tattaunannun, ta ƙulle a wani ƙyalle daban. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ya ji ƙarar zif ɗin jaka.

Ya bi ta. Ta ce da safe akwai jirgin arewa. Can ƙasa ba ta gama narkewa ba, amma mahaifiyarta za ta sa su a tukunya kusa da taga har lokacin dashe ya yi. Nan kuwa laima za ta ruɓar da su kafin mako. Ya tambayi yaushe za ta dawo. Ta ci gaba da ninke kaya. Can ta ce ta ɗauka a duniya akwai mutum ɗaya bayan mahaifiyarta da ya san mene ne a cikin tawul ɗin nan, kuma ba ya jin kunyarsa. Ta ce yayanta aƙalla a fili ya kira katafila.

Gari ya waye da hazo, tagogi na zubar da ruwa ta ciki. Bayan asuba Kawu ya fito cikin shiri, hula a kai, carbi a hannu. Bai amsa gaisuwar Zailani da baki ba, da kai ya amsa. Ya ce yau za a rufe kwantena, ya sa takalmi su tafi Huangpu. Abin da ya faru ya faru, mace in ta huce za ta dawo, in ba ta dawo ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Amma ya sani, duk wanda ya ɗauki ƙafa ya je ya dasa abin nan da hannunsa bayan ya san mene ne, to ya nemi wani kawun, ya kuma nemi abin da zai faɗa wa uwarsa.

Radiyya ta fito da jaka a kafaɗa, da babbar rigar sanyin da ba a taɓa bukatarta a garin nan ba a rataye a hannu. Tawul ɗin yana cikin leda, ta rungume shi a ƙirji. Ta rusuna ta yi wa Kawu sallama, ya kau da kai, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya, don ba zai iya hana bakinsa ba. Ba ta dubi Zailani ba. Ta buɗe ƙofa.

Zailani ya dubi takalmansa biyu a bakin ƙofar: na sito, mai ƙurar tayil, da wani mai kauri da ya saya shekarar da ya je neman aure, wanda har yanzu akwai jar ƙasa a tsagin tafinsa. Ya san abin da zai bari a falon nan, kuma ba ƙarami ba ne. Mutumin da ke tsaye da carbi shi ya saya masa takalminsa na farko na makaranta. Ya san tambayar da Baba Ma ya ce tana jiransa, shi ma yanzu za ta jira shi. Ya sunkuya ya jawo mai kaurin.

Radiyya ta tsaya a kan matakala, ba ta juyo ba.

"Ba lallai su rayu ba," ta ce. "Kuma ban ce na yafe ba."

"Na sani."

Ya ɗaure igiyar. Ya miƙe, ya zo gaban kawunsa ya durƙusa har ƙasa, kamar ranar da zai baro Kano. Kawu ya ɗaga kai yana kallon silin, leɓɓansa na motsi, carbin ya tsaya a hannunsa.

"Kawu, ka yafe min ƙaryar da na yi maka," in ji Zailani. "Amma yau ba za ni Huangpu ba. Zan bi ta. Ni zan haƙa ramin."